Lissafin awa uku: nazarin wata tafiyar yawon buɗe ido zuwa gaɓar tekun Oaxaca

Lamarin da za a duba a nan tafiya ce ta mutum uku zuwa gaɓar tekun jihar Oaxaca da ke kudancin Meziko, a kwanakin farko na watan Oktoban 2024. Matafiyan su ne kawuna, wanda ya daɗe yana fataucin zoɓo daga Kano da Jigawa zuwa ƙasashen waje, da mai ɗakinsa Hajiya, da kuma ni da nake karatu a birnin Meziko, wanda aka ɗora wa nauyin tsara tafiyar domin ni kaɗai nake jin Sifaniyanci. Harkar kasuwanci ce ta kawo Kawu, kasancewar Meziko tana cikin manyan ƙasashen da ke sayen zoɓon Najeriya, inda ake jiƙa shi a sa masa sukari da ƙanƙara kamar yadda muke yi, ana kiran abin shan agua de jamaica. Bayan ya gama ganawa da masu sayen kayansa kwana takwas suka rage kafin komawarsu gida, kuma buƙatar Hajiya ɗaya ce: tana so ta ga teku, ta zauna a bakinsa ba tare da hayaniya ba.

Batun takardu bai ba da wahala ba, amma ya kamata a ambace shi. Mai fasfon Najeriya yana buƙatar biza, wadda ake nema a ofishin jakadancin Meziko da ke Abuja, sai dai ƙasar tana ɗauke wannan sharaɗi ga wanda yake riƙe da bizar Amurka ko Kanada ko Birtaniya ko Japan ko ta yankin Schengen na Turai wadda wa'adinta bai ƙare ba. Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Najeriya, don haka ta Istanbul suka biyo, suka sauka da bambancin awa bakwai tsakanin agogon Kano da na Meziko.

Jihar Oaxaca, wadda ake furta sunanta kamar Wahaka, tana da mutane miliyan 4.1 a ƙidayar 2020, da ƙananan hukumomi 570, fiye da kowace jiha a ƙasar, kuma sama da 400 daga cikinsu ba ta hanyar jam'iyyun siyasa suke naɗa shugabanninsu ba, sai ta taron gari bisa al'adar gargajiya. Kusan mutum ɗaya cikin uku yana magana da wani harshe na asalin ƙasar, Zapotec da Mixtec su ne a gaba. Babban birnin jihar, wanda shi ma Oaxaca ake kiransa, yana cikin wani kwari mai tsayin kimanin mita 1,550 daga bakin teku, gaɓar tekun Pasifik kuma ta miƙe sama da kilomita 500 a kudancinsa, amma tsakanin su biyun akwai jerin duwatsun Sierra Madre del Sur, kuma waɗannan duwatsu su ne tushen duk abin da ya same mu. Shekara da shekaru, wanda yake son gangarawa teku daga birnin sai ya bi ɗaya daga cikin tsofaffin hanyoyi biyu, mai lamba 131 da ta bi ta Sola de Vega ko mai lamba 175 da ta bi ta Miahuatlán, kowacce tana cin awa shida zuwa bakwai na kwana da hawa da gangara. A ranar 4 ga Fabrairun 2024 Shugaba Andrés Manuel López Obrador ya buɗe sabuwar babbar hanya mai tsawon kilomita 104 daga Barranca Larga zuwa Ventanilla, aikin da ya ɗauki kimanin shekara 15 saboda 'yan kwangila da suka yi ta sauyawa da kuma tsohon rikicin fili tsakanin mutanen San Vicente Coatlán da na Sola de Vega. Da buɗe ta, tafiya zuwa garin Puerto Escondido ta koma awa uku ko ƙasa da haka.

A kan wannan lamba ta awa uku na gina dukkan tsarina. Na tsara mu kwana biyu a birnin Oaxaca, mu kama motar safe a rana ta uku mu ci abincin rana a bakin teku, mu yi kwana uku a Puerto Escondido, sannan mu matsa gabas zuwa Huatulco mu ƙarasa hutun a can, mu dawo ta mota. Na biya kuɗin masauki biyu tun kafin mu tashi, ɗaya daga ciki bisa sharaɗin ba a mayar da kuɗi. Na san cewa mahaukaciyar guguwar John ta afka wa gaɓar jihar Guerrero, dab da iyakar Oaxaca, a ranar 23 ga Satumba, kuma ta yi kwanaki tana zubar da ruwa a yankin, amma na ɗauka tunda ta wuce an gama da ita. Wannan kuskuren bai dace da wanda ya tashi a ƙasar Hausa ba, domin Puerto Escondido yana kan layin da ya ratsa tsakanin Tahoua da Agadas, daminarsu kuma tana tafiya tare da tamu, daga Mayu ko Yuni zuwa Oktoba. Kowane manomi a gida ya san ƙasar da ta ƙoshi da ruwan ƙarshen damina ba ta riƙe kanta.

Kwana biyun farko sun tafi yadda aka tsara. Mun hau kufan Monte Albán, tsohon birnin Zapotec da aka daddale kan dutse aka gina, wanda hukumar UNESCO ta sa shi tare da tsakiyar birnin Oaxaca cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 1987. A kasuwa kuma Hajiya ta tarar da mata zaune a gaban manyan kwanduna na soyayyar fara da barkono da lemon tsami, abin da suke kira chapulines, ta tsaya tana dariya, ta ce ashe har nan 'yan Maraɗi sun kai kasuwancinsu. A nan ne kuma muka fara cin karo da matsalar abinci da ta bi mu har ƙarshen tafiya. Abincin da jihar ta fi alfahari da shi, tlayuda, babbar gurasar masara ce da ake gasawa a kan garwashi, kuma kafin a sa mata wake da cuku sai an shafe ta da asiento, wato gutsattsarin kitsen alade da ke kwantawa a gindin tukunya. Waken ma da man alade ake yawan soya shi, haka wasu nau'o'in miyar da suke kira mole da ƙullin masara da ake dafawa a ganye. Wanda ya ce wa mai abinci kawai ba ya cin naman alade zai iya samun amsar gaskiya cewa babu nama a ciki, alhali kitsen yana nan, domin a wurinsu mai ba nama ba ne. Sai da na koyi haɗa kalmomi uku a kowane shago, sin puerco, sin manteca, sin asiento, wato ban da alade, ban da kitse, ban da gutsattsarinsa, sannan hankalinmu ya kwanta. Da muka isa teku matsalar ta yi sauƙi ƙwarai, domin kifi da jatan lande ne abincin yau da gobe, a gasa su a gabanka.

Da asubahin rana ta uku muka isa tasha aka shaida mana cewa ƙasa ta zaftaro ta rufe wani sashe na sabuwar hanya, kuma babu wanda zai iya cewa ga lokacin da za a buɗe. Wannan ba baƙon abu ba ne ga hanyar, domin an yanka ta ne ta gefen duwatsu masu ƙasa mai laushi, kuma tun daminarta ta farko ta sha rufewa saboda haka. Zaɓi uku ne a gabanmu. Za mu iya zama a birnin mu jira, mu yi asarar kwanakin da aka riga aka biya. Za mu iya neman ƙaramin jirgin da ke tsallaka duwatsun, amma kujerunsa kaɗan ne kuma an riga an cinye su. Ko kuma mu shiga ƙananan motocin haya masu ɗaukar mutum goma sha wani abu da ke bin tsohuwar hanya ta 175 zuwa Pochutla. Kawu, wanda ya yi shekaru yana bin hanyoyin ƙauyukan Jigawa da damina, ya dube ni ya ce, "Ɗana, tunda mutanen garin suna bi, mu ma mu bi." Na yarda ba tare da na auna abin da hakan ke nufi ga mace mai shekara kusan sittin da ba ta saba da hanyar dutse ba.

Hanyar tana tafiya lafiya lau ta Ocotlán da Ejutla har Miahuatlán, daga nan sai ta fara hawa. A San José del Pacífico, ƙauyen da ke sama da mita 2,000 a tsakiyar dajin itatuwa masu tsini, hazo ya rufe mu har direba ba ya ganin abin da ya wuce 'yan taku a gabansa, sanyi kuma ya sa Kawu ya ciro babbar rigar da ya ajiye don zuwa taro ya rufa. Gangarawar ta fi hawan wuya, domin kwana ce ke bin kwana ba hutawa na tsawon awanni, kuma a wurare da dama rabin titin ya tafi da ruwa, sai motoci su jeru suna wucewa ɗaya bayan ɗaya yayin da mutanen ƙauyukan ke kwashe taɓo da shebur. Hajiya ta yi amai sau uku. Wata dattijuwa da ke kusa da ita, wadda Sifaniyancin ma ba ta ji sosai, ta ciro lemon tsami daga jakarta ta yanka ta nuna mata ta riƙa shaƙa, kuma ya taimaka. Tafiyar da na yi wa lissafin awa uku ta ci awa tara, muka sauka a Pochutla bayan la'asar cikin zafi mai ɗanshi da ke manne wa mutum tufa a jiki.

Shawarar da aka yanke a tashar Pochutla ita ce ta ceci sauran tafiyar, kuma ba ni na kawo ta ba. Ni so nake mu ƙara awa ɗaya da rabi zuwa Puerto Escondido don kada kuɗin masaukin ya tafi a banza. Hajiya ta ce wa mijinta, "Alhaji, ni dai ba zan sake shiga mota yau ba, ko a kan benci ne a bar ni in kwana." Sai muka ɗauki tasi na ɗan gajeren zango zuwa San Agustinillo, ƙaramin ƙauyen masunta da ke tsakanin Mazunte da Zipolite, muka sami ɗaki biyu a gidan wasu mutanen garin a kan kuɗi kaɗan, domin lokacin ba na baƙi ba ne. Na zaɓi San Agustinillo da gangan, kuma duk mai tafiya da iyali ya kamata ya san dalili: Zipolite, wanda ke maƙwabtaka da shi ta gabas, bakin teku ne da hukuma ta amince mutane su yi yawo tsirara, ruwansa kuma ya yi ƙaurin suna wajen cin mutane. Tazarar 'yan kilomitoci ce kawai ta raba wuraren biyu, amma a taswira da hotunan intanet duk ɗaya suke.

Tarihin wannan ɗan yanki ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ya bayyana irin yawon buɗe idon da ake yi a wurin. Har zuwa ƙarshen shekarun 1980, abincin mutanen Mazunte da San Agustinillo a kan kunkurun teku yake, akwai mayanka a bakin ruwa inda ake yanka su dubbai don nama da fata, ana kuma kwashe ƙwansu a sayar. A 1990 gwamnatin Carlos Salinas de Gortari ta haramta kamawa da cinikin kunkurun teku baki ɗaya, mayankar ta rufe, mutane suka wayi gari ba sana'a. Wasu suka koma saran daji don noma, abin da ya ƙara lalata ƙasar. A hankali aka kafa ƙungiyoyin gama-kai, aka buɗe cibiyar nazarin kunkuru ta ƙasa a Mazunte a 1994, aka kafa ƙaramar masana'antar sabulu da man shafawa da matan garin ke gudanarwa, masunta kuma suka fara ɗaukar baƙi a kwalekwale don su nuna musu dabbar da a da suke farauta. Mai gidan da muka sauka, dattijo ne da ya yi aikin mayankar yana saurayi, ya faɗa mana haka ba tare da kunya ko alfahari ba, kamar mai ba da labarin sana'ar da kasuwarta ta mutu.

Shi ne kuma ya gaya mana a daren farko cewa kunkuru suna fitowa a La Escobilla, bakin teku mai tsawon kilomitoci da ke kan hanya mai lamba 200 tsakanin Mazunte da Puerto Escondido, wanda yake cikin wurare ƙalilan a duniya da irin kunkurun da suke kira golfina ke fitowa rututu don yin ƙwai. Wannan fitowa, arribada a bakinsu, tana faruwa ne daga tsakiyar damina zuwa farkon sanyi, tana ɗaukar kwana biyu ko uku ko fiye, kuma babu mai iya sa mata rana. Kowace uwa tana haƙa rami da ƙafafunta na baya, ta zuba ƙwai kimanin 100, ta rufe ta daddale da ƙirjinta, ta koma ruwa, 'ya'yan kuma su ƙyanƙyashe bayan kimanin kwana 45. A wasu shekarun ramukan ƙwai a wannan wuri kaɗai sukan haura miliyan ɗaya. Ba a shiga sai da ɗan jagora daga ƙungiyar mutanen ƙauyen, ba a haska farar fitila, ba a taɓa dabbar, ba a tsaya mata a gaba. Mun je da sassafe a rana ta huɗu muka tarar da ƙarshen fitowar, duk da haka yashin ya cika da su iya ganin ido, wasu na hawowa wasu na komawa, wasu kuma suna tone ramin 'yan uwansu don su sami wurin nasu, ungulaye da karnuka na jira a gefe. Wurin yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, abin da ba a faɗa a tallace-tallace. Hajiya ta zauna a kan yashi kusa da wata da ke haƙa, ta fi rabin awa ba ta ce komai ba sai tasbihi. Da tsarina ya tafi daidai, da mun wuce wurin a mota kwana biyu bayan haka ba tare da mun san abin da ke bayan itatuwan gefen titi ba.

Mun isa Puerto Escondido a rana ta biyar, bayan mun yi asarar kwana biyu daga cikin ukun da aka biya. Garin ya fara ne a farkon ƙarni na 20 a matsayin tashar loda gahawar da ake nomawa a duwatsu, yana da mazauna kimanin dubu 30 a ƙidayar 2020, kuma a rabe yake tsakanin ƙananan hukumomi biyu, San Pedro Mixtepec da Santa María Colotepec, waɗanda suka daɗe suna jayayya kan iyaka. Sunansa ya fita duniya ne saboda bakin tekun Zicatela, inda taguwar ruwa ke tashi ta naɗe kamar tabarma, masu wasan hawa taguwa a kan allo suna zuwa daga ƙasashe masu nisa dominta. Abin da ya sa wurin ya dace da su shi ne ya sa bai dace da mu ba, kuma ni na kama masauki a Zicatela don kawai hotonsa ya fi kyau.

Da yammacin ranar, Kawu, wanda ya tashi a bakin kogin Haɗeja kuma yake alfahari da iyonsa, ya naɗe wandonsa ya shiga ruwa iya gwiwa, duk da jar tutar da ke kafe a yashi, wadda ni ma ban yi masa bayaninta ba. A wannan gaɓa ƙasa tana zurfafa da sauri, ruwan da ya fasu a yashi kuma yana komawa da ƙarfin da ke kwashe ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafar mutum. Taguwa ɗaya ta buge shi ya faɗi, mai komawa ta ja shi taku da dama, kafin wani mai aikin ceto da ya riga ya fara busa usur ya cafke shi a hannu. Ya fito da ƙujewa a gwiwa da kafaɗa, tabarau da takalmi ɗaya sun tafi. Mai ceton ya yi mana bayanin abin da suke kira mar de fondo, manyan taguwoyin da guguwar can kudancin Pasifik ke turowa, waɗanda ke isowa ko da sama tana garau babu iska, galibi daga Mayu zuwa Nuwamba. Ya ce wanda ruwan ya ja kada ya yi kokawar komowa kai tsaye, ya yi iyo a gicciye tare da gaɓa har ya fita daga bakin jan. Hajiya ba ta ce komai ba sai da muka koma ɗaki tana shafa masa magani, sannan ta ce, "Alhaji, iya ruwa fid da kai." Washegari muka koma Puerto Angelito da Manzanillo, ƙananan lunguna biyu da duwatsu suka kare daga taguwa, inda iyalan garin ke kai 'ya'yansu wanka, kuma a can ne Hajiya ta sa ƙafarta a teku da doguwar rigarta da mayafinta, ba wanda ya ɗaga ido ya dube ta. Carrizalillo ma ruwansa a kwance yake, amma sai an sauka matakala sama da 150, don haka muka bar shi.

Matsala ta biyu a masaukin ta same mu, kuma ita ce ta fi nuna halin da garin yake ciki. A dare na biyu famfo ya ƙafe, a daidai lokacin da ruwan sama ke sauka a kan rufin kamar da bakin ƙwarya. Mai kula da gidan ya ce rijiyar ajiyar ruwan ce ta ƙare, tankar da ke kawo musu kuma ba za ta zo ba sai gobe, domin layi ya yi tsawo. Da ruwan jarka mai lita 20 da ake saya don sha muka yi alwalar isha'i da ta asuba, muna fuskantar arewa maso gabas, teku a bayanmu. Unguwannin Zicatela da La Punta sun cika da sababbin gine-gine cikin 'yan shekaru, musamman bayan annobar korona da ta kawo baƙi masu aiki ta intanet suna zama watanni, amma bututun ruwa da magudanar ƙazanta ba su bi ginin ba, gidaje da yawa da tanka suke rayuwa kamar yadda unguwanninmu ke rayuwa da 'yan ga-ruwa. Sabuwar hanya ta ƙara wa wannan nauyi, domin yanzu mutanen birnin Oaxaca suna iya zuwa ranar Asabar su koma Lahadi. A ganina hanyar alheri ce babba ga mutanen ƙauyukan duwatsu da a da suke kwana a mota kafin su kai mara lafiya asibiti, kuma ba na cikin masu kukan cewa ta ɓata wurin. Amma an buɗe ƙofa kafin a gyara ɗaki, kuma idan tanka ɗaya ce ta rage, gidan da ke da wurin wanka na baƙi ya fi talakan unguwa ƙarfin biya.

Huatulco, wanda muka soke zuwa saboda kwanaki sun ƙare, akasin wannan ne ta fuskar tsari. Hukumar raya yawon buɗe ido ta tarayya, FONATUR, ita ta zana shi a shekarun 1980 bayan gwamnati ta karɓe filayen mutanen wurin a 1984, da lungunan teku tara da bakin ruwa 36, da titi da ruwa da magudana da aka shimfiɗa kafin otal-otal su tashi, aka kuma keɓe wani sashe a matsayin gandun ƙasa a 1998. Ga abin da Hajiya ta nema tun farko, wato ruwa mai kwanciya da wuri mai shiru, can ya kamata in kai su kai tsaye ta jirgi, domin yana da filin jirginsa. Kuɗin masaukin can da ba a mayarwa shi ne asara mafi girma ta tafiyar.

Ranar da ta rage mun ba da ita ga Chacahua, gandun tafkuna da aka keɓe tun 1937 a yamma da Puerto Escondido, inda ake barin mota a Zapotalito a shiga kwalekwale mai inji ta cikin itatuwan da ke tsirowa a ruwan gishiri. Kawu ne ya nace, domin ya ji cewa akwai baƙar fata a wurin. Wannan yanki da ake kira Costa Chica, wanda ya ratsa Oaxaca da Guerrero, shi ne matattarar jikokin bayin da Sifaniyawa suka kawo daga Afirka don kiwon shanu da aikin gona, waɗanda sai a 2019 kundin tsarin mulkin ƙasar ya ambace su da suna, kuma a ƙidayar 2020 kimanin mutum miliyan 2.5 a faɗin Meziko suka bayyana kansu a haka. Mai kwalekwalenmu da zai shiga kasuwar Kurmi ba wanda zai ce baƙo ne. Shi da Kawu suka yi ta kallon juna suna dariya, ni ina fassara, ya tambayi ko a ƙasarmu ana kama kifi da birgi, Kawu ya ce ana yi, ya tambayi ko daga wane gari na Afirka kakanninsa suka fito, mutumin ya ɗaga kafaɗa ya ce shi ɗan Chacahua ne, kakansa ma haka. Na lura Kawu ya so ya ji wata amsa daban, amma bai ƙara tambaya ba. Tafkin Manialtepec, wanda ruwansa ke walƙiya da dare saboda wasu ƙananan halittu, mun wuce shi a hanyar dawowa ba mu tsaya ba, domin wani mai kwalekwale ya gaya mana gaskiya cewa ruwan sama ya dama tafkin, ba za mu ga komai ba.

Idan aka rarrabe abin da ya faru, rufewar hanya ba laifin kowa a cikinmu ba ce, amma gina tafiya a kan hanya ɗaya tilo a ƙarshen damina laifina ne, haka ma biyan kuɗin da ba a mayarwa a lokacin da masaukai ke neman baƙi ruwa a jallo. Lokacin guguwa a gabashin Pasifik yana farawa ne daga 15 ga Mayu zuwa 30 ga Nuwamba, kuma wannan gaɓa ta san shi: Pauline ta afka mata a Oktoban 1997, Agatha ta sauka kusa da Puerto Ángel a 30 ga Mayun 2022, Erick kuma ta zo a Yunin 2025, watanni bayan tafiyarmu. Wanda yake son sama garau da hanya busasshiya sai ya zo tsakanin Disamba da Maris, lokacin da manyan kifayen teku masu shayarwa ke wucewa ta gaɓar, amma zai biya ninki a makonnin Kirsimeti da na Ista, kuma da wuya ya tarar da La Escobilla a cike kamar yadda muka tarar.

A rana ta takwas muka tashi ta jirgi daga Puerto Escondido zuwa birnin Meziko, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna, bayan na sayi tikiti uku a farashin ranar tafiya. A lokacin an riga an buɗe hanyar, amma Hajiya ta ce ta ga duwatsun Oaxaca iya gani. Kawu ya shiga jirgin da takalmin roba da ya saya a kasuwar Benito Juárez, da kuma ƙullin zoɓo rabin kilo daga wata rumfa a kasuwar, wanda ya mutsuttsuka ya shinshina ya ce ba shakka na gida ne, ya biya kuɗin da ya ninka abin da yake sayar da shi sau da yawa, ya ce zai kai wa manoman da yake saye a wurinsu su gani.